Munduwar Roba

Kwana tara da dawowata Damagaram
munduwar roba tana nan a hannuna,
shuɗiya, mai lamba ɗari biyu da sha huɗu.
Sau biyu Fassuma tana kawo almakashi,
ina cewa bari tukuna.

Ƙungiyar majema ce ta tura ni taro bakin teku.
Taron ya ci wuni guda,
sauran biyar aka ce mu huta.
Ban san hutu aiki ne ba sai a can.

Munduwar nan ita ce aljihuna, ita ce sunana.
In na ɗaga hannu, kifi ya zo.
In na ƙara ɗagawa, abarba, naman rago, kwakwa da tsinke a baki.
Na tambayi yarinyar, nawa ne?
Ta ce an biya, Alhaji, an biya duka.
Ban taɓa zuwa Makka ba, amma ban gyara mata ba.

Ni da na yi furfura a Kasuwar Dole,
inda ko allura sai an ce albarka sau uku,
aka bar ni ba wanda zan taya,
ba mai rantse mini cewa bai mai da uwar kuɗi ba.
Bakina har tsami ya yi.

Tekun kuwa, ruwa har inda ido ya gaji.
Na lasa, sai ka ce an jiƙa kantun Bilma.
Na naɗe wando na tsaya
ina ƙirga garwa nawa ke zuwa da kowane tashin ruwa
su koma ba wanda ya tara bokiti.
Da na wuce dubu na bari, kaina ya fara juyawa.
A gabansa kuma sun gina tafkin siminti
cike da ruwan daɗi, ba mai sha.
Baƙi kwance kewaye, sun sha mai,
ana juya su rana kamar kilishi.

Ƙirgar nan ce ta tona ni.
Wani mai ɗaukar faranti ya tsaya a bayana,
ya ce, Baba, Hausar gida nake ji?
Mutari, ɗan Mirya, shekara huɗu rabonsa da gida.
Hannunsa ba munduwa.
Shi yake zuba abin da muka rage a shara,
ya ci nasa a tsaye bayan ƙofa.
Bai tambaye ni siyasa ba, bai tambaye ni kowa ba,
cewa ya yi, bana an yi ruwa?

Daren da zan taho ya ƙwanƙwasa mini.
Jikka ashirin a ambulan, da hotonsa cikin farar riga.
A kai wa tsohuwa, gidan da ke bayan masu tukwane.
Shi kaɗai ne kayan da na ɗauko a wurin nan
wanda ba a biya mini ba.

Tsarabata ta ba da dariya.
Ƙananan sabulai, bawon katantanwa,
da yashi a gorar ruwa.
Fassuma ta riƙe ciki:
ka tsallake ƙasa biyu ka kawo wa Zinder yashi?

Yau kwana huɗu famfo bai ce uffan ba.
Duwatsun Birni suna mai da zafin da suka ara da rana.
Iliya mai garwa ya tsaya bakin zaure,
na ɗaga masa hannu yadda na koya.
Ya dubi robar, ya dube ni,
ya ce dala arba'in, Baba.
Na ce ashirin.
Ya ce albarka.
Wallahi sai da na ji sanyi har ƙafa.
Muka ja, muka ja, muka shirya a talatin,
na biya da kuɗina, na ce na gode, ya ce mu ke da godiya.

Gobe zan hau mota zuwa Mirya.
Na san tsohuwa za ta juya hoton, ta shafa fuskar da yatsa,
ta ce yana dai samun abinci?
Tun jiya nake auna amsar.
Fassuma, miƙo almakashin nan.
Ba zan shiga gidan da wannan abu a hannu ba.